Lokacin ɗari a Maraɗi: ruwa ba ya daskarewa a pampo, amma tiyo na fashewa

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu, duk mai buɗe pampo da asuba a Maraɗi, Tsibiri ko Jiratawa ya san yadda ruwan alwala ke cizon hannu. A daidai wannan lokaci ne kuma ƴan uwa mazauna Faransa, Kanada ko Amurka ke turo hotuna ta WhatsApp, na pampon da ya ƙi ba da ruwa saboda ya zama ƙanƙara, ko na ɗakin da ruwa ya malale bayan bututu ya fashe cikin bango. Sanyin Maraɗi bai kai ya daskarar da ruwa a cikin tiyo ba. Sai dai ɗari na da tasa ɓarnar a nan, kuma mai gida ne ke biyan kuɗinta a takardar ruwa, wani lokaci ma da lafiyar iyalinsa.

Yadda ƙanƙara ke fasa bututu

Kusan kowane abu takurewa yake yi idan ya yi sanyi. Ruwa ma haka yake yi har ya sauko digiri 4, daga nan sai ya juya ya fara buɗewa. Idan ya kai digiri sifiri ya zama ƙanƙara, girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Matan da ke sayar da ƙanƙara a watan azumi sun san wannan tun ba a gaya musu ba, shi ya sa ba sa cika leda fal kafin su ɗaure ta. Wanda ya taɓa manta kwalbar lemo a cikin firiza ya tarar da ita a tarwatse, shi ma ya ga aikin.

A cikin bututu kuwa, ba lalle ne wurin da ƙanƙarar ta taru ya zama wurin da zai fashe ba. Ƙanƙara kan fara toshe wani sashe da ya fi fuskantar iska, ta zama kamar marfi. Tana ƙara girma tana tura ruwan da ya rage zuwa wajen pampo, pampo kuma a rufe yake. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka ƙarfin da ke taruwa tsakanin ƙanƙarar da bakin pampo sai ya nemi wuri mafi rauni, ko mahaɗa, ko gwiwa, ko inda tsatsa ta ci, ya tsaga shi. Sau da yawa masu gida ba sa ganin komai a daren da abin ya faru, domin ƙanƙarar ta toshe hanya. Sai rana ta yi, ta narke, sannan ruwa ya ɓalle.

Don hakan ya faru, sai sanyi ya sauka ƙasa da sifiri sosai kuma ya daɗe awowi. A Amurka, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a fara damuwa da bututun da ba a naɗe ba idan sanyin waje ya kai wajen digiri 6 ƙasa da sifiri.

Ina sanyin Nijar ya tsaya

A Maraɗi, watan Janairu ne ya fi sanyi. Da asuba ma'aunin zafi kan nuna tsakanin digiri 12 da 15, jefi-jefi ya sauka ƙasa da haka idan iskar hunturu ta yi ƙarfi. Da azahar kuma ya hau wajen digiri 30. Unguwanni da garuruwan da ke bakin Gulbin Maraɗi sun fi jin ɗarin asuba, saboda iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarowa take yi ta kwanta a fadama cikin dare. Shi ya sa mai lambu a Jiratawa ko Tsibiri ke rigan mazaunin unguwar Zariya neman bargo. Ko a can ɗin, tazarar da ke tsakanin sanyin asuba da daskarewar ruwa mai yawa ce.

A arewacin ƙasar ne labari ke canzawa. A Bilma an taɓa auna sanyin da ya sauka ƙasa da sifiri, kuma a kan duwatsun Ayar, musamman tudun Bagzan da tsawonsa ya kai mita 2000, ruwan da ya kwana a waje kan wayi gari da fatar ƙanƙara a wasu darare na Disamba da Janairu. Hamada ba ta riƙe zafi, rana na faɗuwa ƙasa ke sakin duk ɗumin da ta tara.

Ɓarnar da ake gani a Maraɗi ta wata hanya take zuwa, kuma ba ɗari kaɗai ke yin ta ba. Damina, rana da ɗari ne ke miƙa wa juna aikin.

Damina ta tone, rana ta gasa, ɗari ya fasa

Mafi yawan tiyon da ke kai ruwa cikin gidaje a yau na roba ne, ko PVC mai ruwan toka ko fari, ko baƙin nan mai lanƙwasa da ake sayarwa a naɗe. Tsoffin gidajen Bagalam, Mokoyo da Sabon Gari kuma har yanzu akwai masu bututun ƙarfe. Dukkansu an yi su ne don su zauna a ƙarƙashin ƙasa ko cikin bango.

Ƙasar Maraɗi rairayi ce. Ruwan sama mai ƙarfi ɗaya ya isa ya kwashe ƙasar da ta rufe tiyo a ƙofar gida ko a tsakar gida. Bayan ambaliyar daminar 2024, wadda jihar Maraɗi na cikin waɗanda ta fi yi wa ɓarna, ba sai an yi nisa ba kafin a ga tiyo kwance a fili a kan hanyoyin unguwa. Wanda aka binne da zurfin taƙi ɗaya kawai shi ne ke fara fitowa.

Da zarar ya fito, rana ta karɓi aiki. Hasken rana na cin fatar PVC sannu a hankali, launinsa ya koɗe, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Tiyon da ke wannan hali yana iya ci gaba da ɗaukar ruwa, amma ya rasa juriyar bugu. Baƙin tiyo ya fi shi jure rana, domin baƙin sinadarin da ake cuɗawa a cikinsa kariya ce daga hasken.

Sai ɗari ya zo da abu biyu. Na farko, PVC na ƙara tauri da gautsi idan ya yi sanyi. Tiyon da amalanke ko babur zai taka da azahar ya ɗan lotsa ya koma, idan aka taka shi da sanyin safiya tsagewa yake yi. Haka idan akuya ko ragon da aka ɗaure a tsakar gida ya ja igiyarsa ta jikin sandar pampo, ko yaro ya rataye bokiti cike da ruwa a bakin pampon.

Na biyu shi ne bambancin zafi tsakanin dare da rana, wanda a wannan lokaci yake da faɗi ƙwarai. Roba na miƙewa da zafi, tana takurewa da sanyi. Tiyon PVC mai tsawon mita 6 na canza tsawo da kusan milimita 8 idan zafin jikinsa ya canza da digiri 20. Baƙin tiyo ya fi haka, yana haura santimita 2. Ƙarfe kuwa ɗan kaɗan yake motsawa, bai kai milimita 2 ba. Milimita 8 ba wani abu ba ne a ido, amma idan an kafe tiyo da siminti a kai da gindi, ko an haɗa roba da ƙarfe a wuri ɗaya, wannan ja da sakin na kowace rana a kan mahaɗa yake ƙarewa. Wata uku ana haka, gam ya saki, zare ya kwance, ɗigo ya fara.

Akwai kuma abin da hannun mutum ke ƙarawa. Tiyon PVC iri biyu ne a kasuwa: mai kauri na ruwan pampo, wanda ake rubuta ƙarfin da yake ɗauka a jikinsa, kamar PN10 ko PN16, da marar kauri na fitar da ruwan wanka da wanke-wanke. Na biyun ya fi arha, shi ya sa wasu ke sa shi a inda na farko ya kamata ya shiga. Wasu masu gyara kuma, maimakon su sayi mahaɗa, sai su gasa bakin tiyo a wuta ya yi laushi su cusa wani a ciki. Wurin da aka gasa ya riga ya raunana, kuma shi ne ke fara buɗewa idan sanyi ya kama.

Wa ke biyan ruwan da ya zube

Tun daga farkon Janairun 2024, kamfanin NDE ne ke raba ruwa a biranen Nijar, bayan ya karɓi aikin daga hannun SEEN, wanda ya riƙe shi tun 2001. SPEN kuma shi ke da alhakin manyan gine-gine, wato foraj, shato da manyan bututu. Ƙa'idar da ya kamata kowane mai gida ya riƙe ita ce ta kontar, na'urar nan da ke ƙirga ruwan da gida ya sha. Daga babban bututun titi zuwa kontar, gyara na kamfani ne, abin da ke kan mai gida shi ne ya kai rahoto. Daga kontar zuwa cikin gida, tiyo na mai gida ne, kuma duk ɗigon da ya wuce ta kontar an ƙirga shi, ko an sha shi ko rairayi ya shanye. A garuruwan da ke da ƙaramin shato nasu da mai kula da shi, lissafin bai canza ba.

Pampon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa na zubar da wajen lita 20 a yini, kusan bido guda ke nan. A wata ya kai lita 600, wato tano uku na lita 200. Wannan ɗigon da ake gani ne. Tsagar da ke ƙarƙashin ƙasa tana iya ninka haka sau da yawa, kuma a ƙasa mai rairayi ruwan nutsewa yake yi kai tsaye, ba ya taruwa a sama balle a lura. Gida kan yi wata biyu ko uku yana shayar da ƙasa kafin takardar ruwa ta tona asiri.

Abin da ke ƙara nauyin takardar shi ne kuɗin ruwa hawa-hawa ne. Mita kub na farko-farko, kowane ɗaya lita 1000, ana sayar da su a farashi mai sauƙi don talaka ya samu. Idan gida ya wuce wannan mataki, kowane mita kub da ya biyo baya ya fi tsada. Yoyo na iya tura gidan da bai canza yawan wankansa ko wankinsa ba zuwa mataki na sama. A gidan haya da iyalai da yawa ke kan kontar ɗaya, irin wannan takarda ce ke haddasa rigima, kowa na zargin maƙwabcinsa da ɓarnar ruwa ko sayar wa ƴan garuwa, alhali ɓarawon na ƙarƙashin ƙafarsu.

Ƙofar da ruwa ke fita, ta nan ƙazanta ke shiga

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar matsala. Muddin akwai ƙarfin ruwa a cikin tiyo, tsaga waje take turawa. Amma idan aka ɗauke ruwa, abin da mazauna birni suka saba da shi, tiyo kan zama fanko, wani lokaci har ya riƙa zuƙa. Duk abin da ke kewaye da tsagar a lokacin yana iya shiga: ruwan kwata, ruwan wanka da ke kwance a lungu, ko abin da ya tsatso daga ramin masai idan tiyon ya bi ta kusa da shi. Idan ruwa ya dawo, shi zai kwaso wannan ƙazanta ya kawo ta randa.

Haka abin yake ga wanda ya saka tiyon roba a bakin pampo, ya tsoma ɗaya bakin cikin tano ko bahon wanki ya bar pampon a buɗe yana jiran ruwa. Idan ƙarfin ruwa ya faɗi, abin da ke cikin bahon na iya komawa cikin bututu, har ya kai ga maƙwabta. Bakin tiyo ya kamata ya tsaya a sama da ruwan da ake tarawa, kada ya nutse a ciki.

Jihar Maraɗi ta san kwalara. Annobar 2018 daga gundumar Madarumfa ta taso, wadda Jiratawa ke cikinta, ta 2021 ma ta taɓa jihar sosai. Kwalara, taifot da gudawar yara duk ta ruwa ko abincin da najasa ta taɓa suke yaɗuwa. Tiyon da ya tsage a lokacin ɗari, idan ba a gyara ba, yana nan har damina ta zo ta cika lunguna da ruwa. Saboda haka idan ruwa ya dawo bayan yankewa, a bar na farkon ya zuba a bokiti don ban ruwan itace ko yayyafa tsakar gida, sai ya washe sannan a tara na sha.

Gwajin dare ɗaya

Gano yoyon da ba a gani ba ya bukatar ko dala. Bayan sallar isha'i, idan kowa ya gama ɗibar ruwa, a rufe duk pampunan gida. Idan akwai tanki a sama, a rufe makullin da ke kai masa ruwa. A je wurin kontar da fitila a rubuta lambobin da ke jikinsa, baƙaƙe da jajaye. Baƙaƙen mita kub suke nunawa, jajayen kuma lita. Da asuba, kafin kowa ya taɓa pampo, a sake dubawa. Idan lambobin sun motsa, akwai inda ruwa ke fita. Kontar da yawa na da ɗan ƙaramin tauraro ko faifai a tsakiya, wanda ke juyawa ko da ruwa kaɗan ne ke wucewa. Idan yana juyawa alhali komai a rufe yake, ba sai an jira safiya ba. Gwajin na aiki ne kawai a daren da akwai ruwa a layi.

Daga nan sai neman wurin. Lokacin ɗari ya fi kowane lokaci sauƙin wannan bincike, domin ƙasa a bushe take ƙayau. Duk inda aka ga danshi a tsakar gida da sassafe, ko ciyawa ta yi kore ita kaɗai, ko gindin bango ya yi baƙi yana fitar da gishiri, ko gara ta taru, a tona nan. A gidan ƙasa wannan bincike ya fi gaggawa, saboda ruwan da ke tsatsa a gindin katanga yana cin ta daga ƙasa, damina na zuwa ta same ta a raunane. A gidajen da ke da masai na zamani, a buɗe murfin tankinsa a saurara, domin robar da ke ciki idan ta tsufa takan bar ruwa ya riƙa silalewa dare da rana ba a ji.

Abin da ya kamata a yi kafin sanyi ya kankama

Aiki na farko shi ne mayar da tiyo inda ya dace da shi. A tsakar gida, rami mai zurfin santimita 40 zuwa 60 ya wadatar. A shimfiɗa rairayi mai laushi a ƙasa da sama, ban da duwatsu ko fasassun bulo. Inda mota ko amalanke ke bi, a ƙara zurfi, ko a zura tiyon cikin wani babba da zai ɗauke masa nauyi. Baƙin tiyo kada a ja shi ya miƙe tsaf kamar igiyar shanya, a bar shi ya ɗan yi lanƙwasa a cikin ramin don ya samu wurin motsi. A kuma nisanta shi da ramin masai da hanyar kwata.

Sashen da dole ya zauna a waje, kamar wanda ke hawa bango zuwa tanki, a rufe shi daga rana. Fenti mai haske na ruwa yana kare PVC. Shagunan kayan gini na sayar da rigar soso da ake zura wa tiyo. Wanda ba shi da halin saye, tsohon buhun algarara ko tsumma da aka ɗaure da kyau na yin aikin, sai dai a riƙa dubawa saboda gara, kuma kada a naɗe bututun ƙarfe da abin da ke riƙe danshi, tsatsa zai jawo. Wannan rufi riba biyu gare shi: yana rage sanyin ruwan asuba a Janairu, yana kuma rage zafin ruwan da ke ƙona hannu a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Tankin sama ma haka, ƴar rumfa ta zana ko kwano a kansa na ƙara masa shekaru.

Sandar pampon tsakar gida a kafe ta da ginshiƙin siminti ko ƙarfe, yadda nauyin bokiti ba zai sauka a kan mahaɗa ba, a kuma matsar da turken dabbobi. Kontar a gina masa ɗan akwati mai murfi da zai kare shi daga rana, yara da kofaton dabba, amma a bar shi yadda ma'aikacin da ke zuwa karatu zai iya buɗewa. Hatimin da kamfani ya sa a jikinsa ba na taɓawa ba ne. Kowa a gida, har mata da manyan yara, ya san inda makullin da ke bayan kontar yake da yadda ake rufe shi, domin tiyo ba ya jiran mai gida ya dawo daga kasuwa kafin ya fashe.

Idan aka ɗauke ruwa, a rufe pampuna. Idan ya dawo, iska ce ke fara fitowa da tari da bugu, kuma wannan bugun na girgiza mahaɗai. A buɗe pampo ɗaya a hankali har iskar ta gama fita. Idan kuma an kira mai gyaran pampo, a tsaya a ga irin tiyon da zai sa, a karanta abin da ke rubuce a jikinsa, a ce ya yi amfani da mahaɗa da gam maimakon wuta. Gam na jinkirin kamawa da sanyi, don haka gyaran hantsi ya fi na asuba, kuma a ba shi lokaci kafin a saki ruwa. Ɗaure tsaga da robar cikin taya dabara ce ta kwana ɗaya ko biyu kafin mai gyara ya zo. Masu lambun Jiratawa da Tsibiri, waɗanda tiyonsu ke kwance a rana duk tsawon noman rani, su ma sun fi samun kwanan kayansu idan suka rufe shi da ƙasa ko ciyawa, suka kuma guji jan sa da sanyin safiya.

Ruwan zafi ma na da nasa haɗari

Da ɗari kowane gida na dafa ruwan wanka. PVC ba ya jure abin da ya wuce digiri 60. Tafasasshen ruwa da aka juye kai tsaye a magudanar wanka ko ta kicin na lanƙwasa tiyo ya kwance gam, musamman idan tiyon ya kwana cikin sanyi. A surka shi tukuna. Wanda zai sa injin dafa ruwa a bango, ya tabbatar an ja layin ruwan zafi da tiyon da aka yi don haka, kamar koren nan PPR da ake haɗawa da injin narkarwa. Ƙaramin bawul ɗin da ke ƙasan injin kan ɗan ɗiga idan ruwa na zafi. Aikinsa ke nan, yana rage ƙarfin da ke taruwa a ciki, kuma toshe shi na iya sa tankin ya fashe.

Ƙarfen dafa ruwa na lantarki da ake tsomawa a bokiti, a cire shi daga wuta kafin a sa hannu a ji ɗumin ruwa, kuma kada a bar yaro kusa. Kaskon gawayi a cikin rufaffen makewayi ko ɗaki na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma kisa. A dafa ruwa a waje.

Ga masu tafiya ƙasashen ƙanƙara

Ɗalibai, ƴan kasuwa da ma'aikata daga Maraɗi na zaune a wuraren da ruwa ke daskarewa da gaske: tuddan Aljeriya kamar Setif da Batna, Ifran a Maroko, tsakiyar Turkiyya, Faransa, Beljiyam, Kanada da Amurka. Kuskuren da sabon zuwa ya fi yi shi ne kashe na'urar ɗumama gida gaba ɗaya idan zai yi tafiya, don ya rage kuɗin wuta. A Faransa na'urorin na da matsayin da ke riƙe gida a wajen digiri 7 don kada ruwa ya daskare, a nan ake barin su. A Amurka shawarar ita ce kada ɗumin gida ya sauka ƙasa da digiri 13. Wanda zai daɗe bai dawo ba, ya rufe babban makullin ruwa ya buɗe pampuna su tsiyaye.

A daren da aka yi gargaɗin sanyi mai tsanani, ana barin pampon da ya fi kusa da bangon waje yana ɗiga kaɗan, ana buɗe ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumin ɗaki ya kai ga bututu, ana cire tiyon ban ruwa daga pampon waje. Ɗigon da yake asara a Maraɗi, a can shi ne ke sakin ƙarfin da zai fasa bututu. Idan aka wayi gari pampo ya ƙi ba da ruwa, a bar shi a buɗe, a ɗumama bututun sannu a hankali da na'urar busar da gashi ko tsumma mai ɗumi, a fara daga bakin pampo. Ba a kusantar da harshen wuta. Mai haya ya sanar da mai gida nan take, domin ruwan da ya zubo wa maƙwabcin bene na ƙasa na iya zama bashi mai nauyi.

Garuruwan da suka saba da sanyi sun gina komai da shirinsa. A Montreyal ta Kanada, ana binne bututun ruwa fiye da mita ɗaya da rabi don ya wuce inda ƙasa ke daskarewa. Waɗanda ba su saba ba ne ke shan wahala. A Fabrairun 2021, sanyin da ba a saba gani ba ya sauka a jihar Teksas ta Amurka, inda gidaje da yawa ke da bututu a rufi da bangon waje ba tare da kariya ba. Wuta ta ɗauke, bututu suka daskare suka fashe, aka umurci miliyoyin mutane su tafasa ruwa kafin su sha, kuma hukumomin jihar sun ƙirga mutum 246 da suka rasu.

A Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa, shirin bai kai wannan tsada ba. Shebur, ɗan rairayi, gwangwanin fenti da karatun kontar na dare ɗaya sun isa gida mai matsakaicin girma. Watan Nuwamba da farkon Disamba ne lokacin da ya fi dacewa: ƙasa ta bushe, danshin yoyo na fitowa fili, sanyi kuma bai kai ga tsaga abin da rana ta gasa ba. Wanda ya wuce wannan lokaci bai makara ba, gwajin kontar na aiki a kowane dare da akwai ruwa a layi.